Inabin Cape Town: Yadda Manoma Suka Mai da Ƙofar Gona Kasuwa

Daga watan Janairu zuwa ƙarshen Maris na kowace shekara, hanyoyin da suka tashi daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka nufi garuruwan Stellenbosch da Paarl da Franschhoek kan cika da motoci iri biyu. Akwai taraktoci da manyan motoci masu jigilar inabin da aka tsinka zuwa gidajen matsa, akwai kuma motocin safa ɗauke da baƙi 'yan yawon buɗe ido daga Ingila da Jamus da Amurka da sauran sassan Afirka, waɗanda suka zo domin su zaga gonakin, su ɗanɗana giyar inabin da ake yi a wurin, su ci abinci, wasu ma su kwana. A da, kuɗin manomi yana cikin motar farko ne kaɗai. A yau gidaje da yawa, musamman ƙanana, ba za su iya biyan albashi ba in ba don mota ta biyu ba.

Sana'ar ba ƙarama ba ce. Afirka ta Kudu tana cikin ƙasashe goma da suka fi yin giyar inabi a duniya, kuma ƙididdigar da masu sana'ar suka yi ta nuna cewa mutane kimanin 270,000 ne ke cin abinci a cikinta, tun daga mai tsinkar inabi har zuwa mai tuƙa motar baƙi. Amma kuma gonakin suna raguwa, masu shan giyar a duniya suna raguwa, ruwan sama ma ba shi da tabbas. Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su cinikin barasa, addini ya hana su, ba kuma za su fara ba. Duk da haka, yadda manoman wannan yanki suka jawo mai saye har ƙofar gonarsu darasi ne na kasuwanci wanda ya shafi duk mai sayar da amfanin gona.

Asalin sana'ar

Ranar 2 ga Fabrairun 1659 ne aka fara matse inabi a wannan wuri, a zamanin Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin cinikin Holan wanda ya kafa zango a Cape domin jiragen ruwa masu zuwa gabashin duniya su riƙa ɗaukar guzuri. Gwamna Simon van der Stel ya kafa garin Stellenbosch a 1679, mai nisan kilomita 50 gabas da Cape Town, sa'an nan a 1685 ya buɗe gonarsa ta Constantia, wadda wani sashenta, wato Groot Constantia, yake aiki har yanzu. Daga 1688 wasu Faransawa 'yan gudun hijira kimanin 200, waɗanda aka kora daga ƙasarsu saboda saɓanin addini, suka sauka a kwarin da ake kira Franschhoek.

Aikin gonakin kuwa bayi ne suka yi shi, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunisiya, har zuwa lokacin da aka soke bauta a 1834. Daga cikinsu da kuma fursunonin siyasa da Holan ta koro daga gabas ne Musulunci ya kafu a Cape. Shehu Yusuf na Makassar ya sauka a 1694 a wata gona da ba ta da nisa da Stellenbosch, kuma har yau akwai hubbaren wani shehi a cikin gonar Klein Constantia wanda Musulmin birnin ke ziyarta.

Giyar Constantia mai zaƙi ta yi suna a fadojin Turai, har Napoleon ya riƙa shan ta lokacin da yake tsare a tsibirin St Helena. Sai dai wannan arziki ya dogara ne ga rangwamen haraji da Ingila ta yi wa kayan Cape. Da Ingila ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Faransa a 1860, rangwamen ya tafi, kasuwa ta faɗi. A 1886 kuma wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya auka wa gonakin. Manoma suka sake dashe fiye da kima, kaya ya yi yawa, farashi ya karye. Wannan ne ya haifar da ƙungiyar gama kai ta KWV a 1918, wadda dokokin 1924 da 1940 suka ba ikon yanke farashi, daga baya kuma ta riƙa ƙayyade yawan inabin da kowace gona za ta noma. Tsarin ya ba manomi kwanciyar hankali, amma ya saka wa mai yawan kaya ne, bai saka wa mai kyan kaya ba.

Hanyar Stellenbosch

A cikin wannan yanayi ne manoma uku suka fito da wata dabara. Frans Malan na gonar Simonsig da Niel Joubert na Spier sun ziyarci yankin Burgundy na Faransa a 1969, inda suka ga yadda aka kafa alluna a bakin titi masu nuna wa matafiyi gidajen da zai iya shiga ya ɗanɗana ya saya. Da suka dawo suka haɗa kai da Spatz Sperling na Delheim, a 1971 suka buɗe Hanyar Giyar Inabi ta Stellenbosch, ta farko irinta a ƙasar. Sai da suka yi fama da hukumomi kan batun kafa allunan nuni kafin abin ya kankama. A yau gidaje fiye da ɗari ne ke kan wannan hanya, kuma kusan kowane yanki mai noman inabi a lardin Western Cape ya buɗe tasa.

Abin lura a nan shi ne mutanen uku abokan takara ne, kowanne yana da kayan da yake son sayarwa. Amma sun gane cewa ba wanda zai taso daga birni ya yi tafiyar awa guda saboda gona ɗaya, alhali zai taso in ya san zai iya zaga huɗu ko biyar a yini. Saboda haka suka tallata sunan gari tare, kowa kuma ya nemi ribarsa a cikin gidansa.

Shekara biyu bayan haka, a 1973, gwamnati ta kafa dokar tabbatar da asalin kaya. Bisa ga wannan doka, duk kwalbar da aka rubuta sunan wani yanki a jikinta, tilas ne dukkan inabin da ke ciki ya fito daga wannan yanki. Idan kuma an ambaci irin inabin ko shekarar da aka tsinke shi, ƙa'idar yanzu ita ce kashi 85 cikin 100 ya kasance haka. Hukuma ce ke bin diddigi daga gona har kwalba, sa'an nan ta manna hatimi mai lamba a wuyan kwalbar. Da wannan hatimi sunan Stellenbosch ya zama kadara, domin wanda ba ya noma a can ba shi da ikon ara.

Ƙasar ta kuma koyi darasin suna ta wata fuskar. Tun 1935 ta yi alkawari da Faransa cewa ba za ta kira kayanta da sunan Champagne ba. Simonsig ta fara yin giya mai kumfa bisa hanyar Faransawa a 1971, a 1992 kuma masu yin ta suka raɗa mata suna nasu na kansu, Cap Classique, wanda yanzu ake sayar da ita da shi a duniya.

Lissafin ɗakin ɗanɗano

Yadda ake gudanar da ɗanɗanon ba shi da wuya. Baƙo zai biya wani ɗan kuɗi, a zaunar da shi, a zuba masa kurɓi kurɓi na iri biyar ko shida, ma'aikaci yana yi masa bayanin irin inabin da ƙasar da aka noma shi da tsawon lokacin da ya yi a ganga. Akwai kasko a kan tebur domin mai son ya tofar. Gidaje da yawa kan yafe kuɗin ɗanɗanon idan baƙo ya sayi kwalabe. Wasu kan haɗa da cuku ko cakulan ko busasshen nama irin nasu mai kama da kilishi, yara da waɗanda ba su shan barasa kuwa a ba su tataccen ruwan inabi marar sa maye.

Ribar tana cikin waɗanda aka tsallake. Kwalbar da aka sayar a kanti a Landan ta ɗauki kuɗin jirgin ruwa, da harajin barasa na Ingila, da la'adar mai shigo da kaya, da ribar mai kanti, abin da ke komowa gona kaɗan ne daga farashin da mai saye ya biya. Kwalbar da aka sayar a ƙofar gona kuwa ba dillali a tsakani, kuma kuɗi hannu ne, ba jiran wata biyu ko uku kamar yadda manyan kantuna kan sa a yi. Bugu da ƙari, gidan kan karɓi adireshin baƙo ya sa shi cikin jerin abokan ciniki na dindindin, a riƙa aika masa da kwali lokaci lokaci. Ta haka ziyarar yini ɗaya kan zama cinikin shekaru.

Idan aka kwatanta da ɗaya ɓangaren sai bambancin ya fito sarai. Fiye da rabin giyar da ƙasar ke fitarwa waje ba ta tafiya a kwalba. Ana ɗura ta ne a wata babbar jakar roba mai cin lita 24,000 a cikin kwantena, sai ta isa Ingila ko Jamus a zuba ta a kwalabe, sau da yawa da sunan kantin da ya saya. Aikin kwalba da takarda da kwali duk ya tafi ƙasar waje, manomin kuma ba wanda ya san sunansa. Wani binciken masu sana'ar ya kiyasta cewa yawon buɗe ido na gonakin inabi ya ƙara wa tattalin arzikin ƙasar kimanin Rand biliyan 9 a 2022, kuma ƙananan gidaje ne suka fi dogara da shi.

Wannan ne ya sa manyan masu jari suka shigo. Laurence Graff, ɗan kasuwar lu'ulu'u na Ingila, ya sayi gonar Delaire a 2003. Koos Bekker, wanda ya shugabanci kamfanin Naspers, da matarsa Karen Roos suka sayi Babylonstoren a 2007, suka dasa wani babban lambun 'ya'yan itatuwa da kayan miya wanda jama'a ke biyan kuɗi su shiga kallo. Richard Branson ya sayi Mont Rochelle a Franschhoek a 2014. A irin waɗannan wurare, otal da gidan abinci da ɗakin bikin aure suna kawo kuɗi kafaɗa da kafaɗa da gangar giya.

Kalandar taruka

Ba a bar zuwan baƙi ga sa'a ba, an tsara shi ne. A 1975 aka fara gwanjon Nederburg a Paarl, inda aka riƙa sayar da tsofaffin kwalabe na musamman. Ƙungiyar ƙwararrun masu sana'ar, Cape Winemakers Guild, wadda aka kafa a 1982, ta fara nata gwanjon a 1985. Kayan da ake sayarwa a gwanjo ba su da yawa, amma farashin da aka buga a can shi ke zama ma'auni, ya ɗaga darajar sauran kayan gidan. Haka nan littafin jagora na Platter's, wanda ya fara fitowa a 1980, yana ba da taurari har biyar, kuma gidan da ya samu biyar kan ga kayansa sun ƙare nan da nan.

Ga 'yan kasuwar waje kuwa akwai bajekolin CapeWine, wanda Wines of South Africa, hukumar tallata kayan a ƙetare, ke shiryawa a babban zauren taro na Cape Town. An yi shi a 2018 da 2022 da 2025. A nan ne masu shigo da kaya da masu sayen manyan kantuna ke zama da manoma a ƙulla cinikin shekara.

Garin Franschhoek ya fi kowa iya cike giɓin kalanda. Watan Yuli tsakiyar sanyi ne da ruwan sama a wannan yanki, baƙi sun yi ƙaranci, sai garin ya riƙi bikin ranar Bastille ta Faransa, wato 14 ga Yuli, ya mai da shi nasa bisa hujjar asalin waɗanda suka kafa shi. A 2012 kuma aka farfaɗo da wani tsohon layin dogo da aka shimfiɗa a 1904, aka ɗora masa tarago mai zagawa da baƙi gona gona. Wannan ya warware matsalar tuƙi bayan sha, ya kuma kai baƙi gidajen da ba su da kuɗin talla.

Fari, annoba da kasuwa

Shekaru goma da suka wuce sun gwada wannan tsari ƙwarai. Farin da aka yi daga 2015 zuwa 2018 ya kusa ƙafar da madatsar ruwa ta Theewaterskloof, har a watan Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mazaunin Cape Town lita 50 a yini, aka kuma rage ruwan ban gona. Amfanin inabin 2018 ya gaza na 2017 da kimanin kashi 15 cikin 100, labarin ƙarancin ruwan kuma ya sa wasu baƙi suka fasa zuwa.

Ba a gama farfaɗowa ba sai annobar korona ta zo. Daga ranar 27 ga Maris 2020 gwamnati ta hana sayar da barasa baki ɗaya, har fitarwa waje ma an tsayar na wasu makonni. Sau huɗu aka yi irin wannan hani tsakanin lokacin da watan Yulin 2021. Ɗakunan ɗanɗano suka rufe, kaya fiye da lita miliyan 200 suka taru ba mai saye, ga kuma sabon girbi yana neman wurin ajiya. A nan ne aka ga iyakar dabarar: kasuwar da ta dogara ga zuwan mutum da ƙafarsa, rana ɗaya doka kan iya rufe ta. Gidajen da suka fi jurewa su ne masu jerin abokan ciniki da za su iya tallata wa kaya ta intanet, a kai musu bayan an ɗage hani.

Bayan wannan ga yankewar wutar lantarki wadda ta yi tsanani a 2023, ga jinkiri a tashar jiragen ruwa ta Cape Town, wadda ta zo ta ƙarshe cikin tashoshi 405 a ma'aunin Bankin Duniya na wannan shekara. Kayan da aka fitar waje, waɗanda ba su kai lita miliyan 50 ba a farkon shekarun 1990 lokacin da aka ɗage takunkumin da aka sa wa mulkin wariyar launin fata, sun haura lita miliyan 500 a 2013, amma a 2023 sun komo kimanin miliyan 306. Hukumar inabi ta duniya ta ce abin da aka sha a duniya a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961. A watan Agustan 2025 kuma Amurka ta ɗora wa kayan Afirka ta Kudu harajin kashi 30 cikin 100.

Sakamakon yana bayyane a gona. Filin inabin giya ya haura hekta 100,000 a wajen 2006, amma ya zuwa 2023 bai kai 90,000 ba. Manoman da suka fi 4,000 a tsakiyar shekarun 2000 sun koma ƙasa da 2,500. Kuringar inabi kan yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta ba da amfani, saboda haka wanda ba ya ganin riba ba ya sake dashe, sai ya tumɓuke ya sa lemu ko tuffa.

Wa ke cin moriyar?

Bayan fararen gine-ginen da baƙi ke ɗaukar hoto akwai wani tarihi mai ɗaci. Shekaru aru-aru ana biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta haramta wannan a 1960, amma al'adar ta ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Illarta ba ta gushe ba, domin binciken likitoci ya nuna wasu ƙauyukan yankin suna cikin wuraren da aka fi haihuwar yara masu naƙasa saboda shan barasar uwa a duk duniya.

A ƙarshen 2012 leburori suka shiga yajin aiki wanda ya faro daga De Doorns, garin noman inabin ci, ya bazu zuwa sauran garuruwa. Suna neman Rand 150 a yini maimakon 69. Gwamnati ta tsayar da 105 daga watan Maris 2013. Masu saye a arewacin Turai kuma suka fara neman shaidar cewa gona tana kyautata wa ma'aikatanta kafin su ɗauki kaya. Mallakar filaye ma har yanzu kusan duka tana hannun Turawa, ko da yake wasu baƙar fata sun kutsa kai. Ntsiki Biyela, wadda ta zama mace baƙar fata ta farko mai sarrafa giyar inabi a ƙasar a 2004, ta kafa kamfaninta mai suna Aslina a 2016. Da yawa daga irinta sayen inabi suke yi a wurin wasu, kuma wanda ba shi da gona ba shi da ƙofar da zai karɓi baƙo, wato an bar shi a bayan ɓangaren da ya fi riba.

Abin lura ga 'yan kasuwarmu

Nijeriya tana cikin kasuwannin Afirka da wannan kaya ke shiga, musamman Legas da Abuja da Fatakwal, yayin da jihohi 12 na arewa da suka kafa shari'ar Musulunci tsakanin 1999 da 2001 suka taƙaita cinikin barasa. Amma dabarun da aka ambata ba na barasa ba ne kaɗai. Afirka ta Kudu ta yi amfani da irinsu ga ganyen shayin rooibos, wanda Tarayyar Turai ta amince a 2021 cewa ba a kiran wani ganye da wannan suna sai wanda aka noma a yankinsa na asali. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar asali a ƙungiyar kare haƙƙin mallaka ta Afirka mai hedkwata a Yawunde.

Mu kuwa mun daɗe da sanin asarar da rashin suna ke jawowa. Jar fatar akuyar Sakkwato ta yi ƙarnuka tana ƙetare Sahara, Turai tana sayenta da tsada da sunan fatar Maroko, domin ta can ta bi ta isa hannunsu. Majeman Sakkwato da Kano sun yi aikin, wasu sun ɗauki sunan. Masu marinar Ƙofar Mata da masu kilishi da masu zuma suna da kayan da baƙo zai so ya ga yadda ake yi, ya saya a wurin. Abin da manoman Stellenbosch suka ƙara a kan kyan kaya shi ne haɗin kan abokan takara a kan sunan gari, da hukumar da ke hana wani arar sunan, da ranakun taro da kowa ya sani tun farkon shekara. Sai kuma hanya mai kyau da tsaro, domin ba baƙon da zai bi allon nuni zuwa inda yake tsoron ransa, wannan kuwa nauyi ne da ke wuyan gwamnati.